Bari Ya Yi Ƙwari Tukuna

Ƙannena, samari da 'yan mata, musamman ku da aka ɗaura wa aure a 'yan shekarun nan, da ku da ake jiran a kawar da amfanin gona a ɗaura muku: maganar da zan yi da ku ba a kan masu ƙin allurar rigakafi ba ce. Waɗannan an daɗe ana fama da su a rediyo da kan mumbari, kuma sun ragu ƙwarai. Maganata a kan mutumin kirki ce, wanda in ka tambaye shi zai rantse maka shi bai ƙi ba. Zai kai yaron, sai dai ba yau ba. Bari a yi suna. Bari mai jego ta gama wanka. Bari yaron ya yi ƙwari tukuna, yanzu jikinsa duk ruwa ne. Bari a gama maimai. Bari maigidan ya dawo daga cin rani. Daga Ungogo zuwa Minjibir, daga Dawakin Tofa zuwa Bichi da Ɗambatta, a ganina wannan jan ƙafa ya fi gardama kwantar da yara a yau. Mai gardama ana ganinsa, mai unguwa ya je ya lallashe shi. Mai jinkiri kuwa kowa yana lissafa shi cikin waɗanda suka yarda, har shi kansa.

Ku fara da sanin cewa ranakun da ke jikin katin rigakafin yaro ba don jin daɗin malaman asibiti aka tsara su ba. Jariri yana zuwa duniya da kariyar da ya samo daga jinin mahaifiyarsa, nono kuma yana ƙara masa. Amma kariyar aro ce, kullum raguwa take yi, kuma ba kowace cuta take tarewa ba. Likitoci sun auna lokacin da take janyewa da lokacin da kowace cuta ta fi kisa, sannan suka ajiye kowace allura a gaban cutarta. Ranar haihuwa akwai allurar tarin fuka, mai barin tabo a dantse, da ɗigon shan inna, da allurar ciwon hanta. A mako na 6, da na 10, da na 14, akwai allurar cinya mai kariya biyar a haɗe: mashaƙo, da tarin shiƙa, da ciwon sarƙewar haƙora, da ciwon hanta, da wata ƙwaya mai haddasa ciwon huhu da sanƙarau. Tare da ita ake yin ta ciwon huhu, da ta shan inna, da ɗigon gudawar jarirai wanda aka shigo da shi cikin tsarin ƙasar nan a 2022. A wata na 9 sai ƙyanda da shawara da sanƙarau. A wata na 15 a maimaita ƙyanda. Duk kyauta ne a asibitin gwamnati.

Ku dubi allurar ciwon hanta kawai. Babban mutum in ya kamu da wannan ƙwaya, galibi jikinsa yana kore ta. Jaririn da ya ɗauke ta daga uwarsa wajen haihuwa kuwa, kusan 9 cikin 10 da ita za su rayu, ba alama ba ciwo, sai sun zama magidanta hanta ta fara lalacewa, a ce sammu ne. Shi ya sa aka fi so a yi allurar cikin sa'o'i 24 na farko. Tarin shiƙa kuma, yaro ɗan shekara 5 zai sha wuya ya tashi, amma ɗan wata 2 numfashinsa ne ke ɗaukewa. Wato rashin ƙwarin da ake kafa hujja da shi, shi ne ainihin dalilin yin sauri. Ku 'ya'yan manoma ne, kun san abin da ke samun geron da aka bari ciyawa ta rufe kafin noman fari. Ko ka zo daga baya ka share ta fes ka zuba taki, zangarniyarka ba za ta kamo ta maƙwabcinka ba. Ban taɓa jin manomin da ya ce a bari gero ya yi ƙwari kafin a nome shi ba.

Al'adunmu guda biyu suna cin karo da katin nan, kuma ba laifi a faɗa. Na farko, kwana bakwai kafin suna. Yawancin haihuwa a ƙauyukanmu a gida ake yi, a hannun ungozoma, kuma ba a son fita da jariri kafin a raɗa masa suna. A cikin makon nan uban yana ta zirga-zirgar rago da goro da atamfar fitar suna, wanzami ma an sanar da shi ranarsa, amma ba wanda ya tuna da malamin asibitin da ke bayan makarantar firamare. Na biyu, arba'in. Mai haihuwar fari takan tafi wankan gida wajen iyayenta, wataƙila a wani ƙauye, katin kuma an buɗe shi a asibitin garin miji ko ma ba a buɗe ba. Mako 6 kwana 42 ne. Ku lissafa: ranar allurar cinya ta farko tana faɗowa daidai lokacin da ta gama wanka ta shiga yawon arba'in, gida gida, ƙauye ƙauye, jariri yana wucewa daga hannun gwaggo zuwa hannun inna, wannan ta sumbace shi, waccan ta yi tari a kansa. Kafin a huta da gajiyar yawo wata guda ya wuce. Ni ban ce a bar wanka ba, ban ce a bar zumunci ba. Abin da nake cewa, asibiti ya zama gidan farko da za a shiga a yawon arba'in. Kuma kowane asibitin gwamnati yana karɓar katin, ba sai wanda ya buɗe shi ba.

Cutar da ta fi iya farautar mai jinkiri ita ce ƙyanda. A cikin mutanen da ba su da kariya, mai ƙyanda ɗaya yana iya harbin mutum 12 zuwa 18. Ƙwayarta tana zama a iskar ɗaki har sa'o'i 2 bayan mai ita ya fita, kuma tana yaɗuwa tun kwana 4 kafin ƙuraje su bayyana, lokacin da kowa yake cewa mura ce. Lokacinta sananne ne, ta fara da hunturu ta yi ƙamari a bazara. To, wane hali gidajenmu suke ciki a lokacin? Samari da magidanta sun watse cin rani, wasu birni, wasu Abuja, wasu Legas da Fatakwal. An bar yarinya da goyo, ba kuɗin acaba a hannunta, ba izinin fita, uwar miji kuma ta ce ita ba za ta ɗauki nauyin abin da ɗanta bai ce ba. Yaro ya cika wata 9 a Janairu, uban ba zai dawo ba sai hadari ya fara haɗowa. Watannin da ke tsakani su ne watannin ƙyanda, kariyar uwa ta ƙare, ta allura ba ta zo ba.

Kakanninmu sun ɗauki baƙon dauro, wato ƙyanda, a matsayin abin da kowane yaro sai ya yi. A rufe shi a ɗaki, a jira ta gama fitowa. Ba su da wata hanya a zamaninsu, ba na ganin laifinsu. Amma ku da kuka shiga aji ya kamata ku san abin da take bari a baya. Tana buɗe wa ciwon huhu ƙofa, shi ne ma ya fi kashe masu ita. Tana kawo gudawa da ciwon baki har yaro ya ƙi nono, tamowa ta shiga. Tana cinye sinadarin bitamin A da ke jiki, ido ya bushe ya yi gyambo. Makafi da yawa da kuke gani suna bara, in an bi asali ƙyanda ce. Akwai kuma abin da masu bincike suka tabbatar a 2019: ƙyanda tana goge wani kaso na kariyar da jikin yaro ya riga ya tara a kan wasu cututtuka, sai ya koma kamar bai taɓa haɗuwa da su ba. Shi ya sa za ku ga yaro ya warke, an yi barka, sai ya shiga laulayi, yau zazzaɓi gobe gudawa, damina ta zo da zazzaɓin cizon sauro rumbu kuma ya yi ƙasa, a Agusta a rasa shi. Ba wanda zai ce ƙyandar Maris ce.

Wani kuskure da ya zama ruwan dare shi ne ɗaukar allurar wata 9 a matsayin sallama. Da haka ake yi, iyayenku a nan suka tsaya, don haka uwa takan naɗe katin ta jefa ƙasan akwati. Amma allurar wata 9 tana kama kusan yara 85 ne cikin 100, sauran sai an maimaita. Ƙyanda kuma ba ta daina yawo a gari sai kusan kashi 95 cikin ɗari na yara sun sami kariya. Ta wata 15 ita ce mai toshe wannan giɓi. Kuskure na biyu ya fi wannan yawa: "Ai an ɗiga masa a gida." Matan da ke bi gida gida da akwatin sanyi, su shafa wa yaro tawada a farce su yi rubutu da alli a bango, galibi ɗigon shan inna suke bayarwa. Ko sau goma aka ɗiga masa, bai sami komai a kan ƙyanda ko mashaƙo ba.

Yanayin zamanmu ma yana da hannu. Tun shekarun 1960 masana irin su Michael Mortimore suke nazarin karkarar da ke kewaye da Kano, suna mamakin yadda ɗaruruwan mutane suke rayuwa a kan kowace murabba'in kilomita, suna noma gona ɗaya shekara da shekaru ba hutu, da takin dabbobi da sharar birni. Abin alfahari ne. Amma inda gida ke kallon gida, ƙauye ke jin kiran sallar ƙauye, cuta ba ta shan wahalar tafiya. Yara suna haɗuwa a makarantar allo da Islamiyya da bakin famfo, 'yan talla suna shiga kowane gida, manya suna cin kasuwar Dawanau da Larabar Abasawa da Ɗambatta, leburori suna wuni a birni su kwana a gida. Yaron da ba a yi wa allura ba a nan ba shi da inda zai ɓuya, kuma in ya kamu ba shi kaɗai zai kwanta ba. Jaririn kishiyar uwarsa ɗan wata 5, wanda lokacin allurarsa bai ma yi ba, shi ne na gaba.

Mun ga wannan da idonmu. Daga ƙarshen 2022 mashaƙo ya ɓarke a Najeriya, ya yi ƙamari a 2023, kuma Kano ce cibiyarsa: mafi yawan waɗanda aka tabbatar sun kamu a duk ƙasar 'yan Kano ne, Ungogo na cikin ƙananan hukumomin da abin ya fi taɓawa. Sama da mutum 1,000 suka rasu a faɗin ƙasar, galibi yara 'yan ƙasa da shekara 15, galibi waɗanda ba su kammala rigakafi ba. Cuta ce da ke shimfiɗa wata fata a maƙogwaro ta toshe numfashi, wuya ya kumbura, dafinta kuma ya bi jini ya taɓa zuciya, har yaro yana iya faɗuwa makonni bayan an ɗauka ya warke. Maganin kashe dafin kaɗan ake yi a duniya, domin yawancin ƙasashe sun daɗe da mantawa da cutar. Ƙungiyar likitoci ta MSF sai da ta buɗe wuraren jinya na musamman a Kano, har da Asibitin Murtala. Yanzu ku yi wannan lissafi. Binciken ƙasa na 2016 zuwa 2017 ya nuna kashi 33 cikin ɗari ne kawai na yaran Najeriya suka sami allurar cinya ta uku, abin da ya sa gwamnatin tarayya ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan rigakafin yara a 2017. Jaririn da aka tsallake a 2016, a 2023 ɗan shekara 7 ne, yana aji biyu ko yana gaban malam da allonsa. Su ne mashaƙo ya zo ya tarar. Iyayensu sun daɗe da cewa ai ga shi ya girma lafiya ba tare da allurar ba.

Bari mu zo kan aljihu, tunda na san da yawanku abin da ke hana ku shi ne kuɗin acaba da asarar wuni guda. A Najeriya sama da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun marar lafiya da danginsa yake fita. Kun san yadda abin yake tafiya. A fara da kemis, a sayi na zazzaɓi da na tari. A koma wajen mai maganin gargajiya. Kwana uku abu ya ƙi, a tafi sha-ka-tafi, su ce wannan ya fi ƙarfinsu, sai babban asibitin Bichi ko Ɗambatta. In numfashi ya yi tsanani a ɗauki shatar mota zuwa birni, Hasiya Bayero ko Murtala ko asibitin Malam Aminu Kano. Ga allurai, ga ƙarin ruwa, wani lokaci ƙarin jini, ga abincin masu jinya, ga zuwa da dawowa. Uwa tana gefen gado, don haka ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da ɗinkin hula sun tsaya, jarin ma an cinye. Uba yana tsakanin kantin magani da waya yana neman rance. In da damina ne, gona tana can ciyawa tana cin rabonta, ko a biya 'yan ƙwadago da kuɗin da babu.

Kuɗin nan daga ina suke fitowa? Akuyar matar ce take fara tafiya kasuwa, a sayar da ita yadda mai saye ya ga dama, don ya ga gaggawa a fuskar mai sayarwa. Sai a taɓa rumbu, a fitar da geron da aka ajiye don watannin yunwa, wanda za a dawo a saya da tsada a Yuli. Sai bashin da za a biya da kaka. In abin ya ci tura, jinginar gona. A yankin da gado ya yayyanka gonaki har wani rabonsa bai fi a tsaya a wannan kunya a yi magana da na waccan ba, wanda ya jinginar da tasa ya san da wuya ta dawo. Kuma ƙyanda ba ta shiga gida ta ɗauki ɗaya; tana bin yaran ne ɗaya bayan ɗaya, a sallamo wannan a kwantar da wancan. Masu bincike na jami'ar Johns Hopkins ta Amurka sun yi lissafi a kan ƙasashe 94 masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi, suka fitar a 2016 cewa kowace dala 1 da aka kashe a kan rigakafin yara tana tsare kusan dala 16 na kuɗin jinya da asarar aiki. Matar da ta rasa akuyarta ba ta buƙatar jami'a ta gaya mata.

Wannan duk ga wanda ya warke sarai ne. Wanda sanƙarau ya toshe wa kunne, ko ƙyanda ta ɗauke wa ido, ko shan inna ta shanye wa ƙafa, hidimarsa ta rayuwa ce, makarantar da za ta karɓe shi ma sai an kai shi irin ta Tudun Maliki a birni. Ku je ku zauna da 'yan ƙungiyar masu shan inna ta Kano, waɗanda ke ƙera kekunan guragu da hannunsu. Mutane ne masu sana'a da iyali da mutunci, kuma su da kansu suke shiga unguwanni suna roƙon iyaye kada su bari 'ya'yansu su bi sahunsu.

Na san shakkar da ke zukatan iyayenmu ba daga sama ta faɗo ba, kuma duk wanda ya ce muku jahilci ne kawai bai san tarihin Kano ba. A 1996 annobar sanƙarau ta kama sama da mutum 100,000 a Najeriya, ta kashe sama da 11,000. A tsakiyarta kamfanin Pfizer ya zo Asibitin Zana ya gwada sabon maganinsa Trovan, a wani gwaji da ya ƙunshi yara 200. 11 suka rasu, wasu suka nakasa, iyaye suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ne ba. Shari'a ta ja har 2009 kafin a yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Magani ne aka gwada, ba rigakafi ba, amma wa zai tsaya bambancewa bayan an yi masa haka? Ga kuma tambayar da talaka ke yi, wadda har yau tana da nauyi: me ya sa ake bin mu har ɗaka da ɗigon shan inna kyauta, amma in zazzaɓi ya kama yaro sai mun saya?

Sai dai ku dubi abin da ya biyo baya. A 2003 gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta dakatar da ɗigon shan inna a Kano, bayan zargin cewa an gauraya shi da maganin hana haihuwa. Ba cewa aka yi an haramta har abada ba, cewa aka yi a dakata a bincika. A Yulin 2004 aka ci gaba, da maganin da aka sayo daga Indonesiya. Dakatawar ba ta cika shekara ba. Amma yaran da shan inna ta kama a Najeriya, waɗanda ba su wuce kusan 200 ba a 2002, sun haura 1,100 a 2006. Ƙwayar ta tsallaka zuwa ƙasashe kusan 20 da suka riga suka rabu da ita, har Sudan da Yaman, har Indonesiyar da ta sayar mana da maganin. An ƙiyasta sama da dala miliyan 500 aka kashe wajen kashe wutar. A Fabrairun 2013 aka harbe ma'aikatan rigakafi 9 a birnin Kano. Yaro na ƙarshe da asalin ƙwayar ta kama a jihar nan a Sumaila ne, a Yulin 2014, Afirka kuma ba a ba ta shaidar rabuwa da ita ba sai 25 ga Agusta, 2020. Jinkirin watanni, biyan shekara goma. Har yau ana ɗigon, saboda akwai wani nau'i da ya rikiɗe daga ƙwayar rigakafin kanta, wanda ba ya samun wurin yawo sai inda yara da yawa ba su da kariya. Batun hana haihuwa kuwa, amsarsa ku ne. Yaran da aka ɗiga wa a waɗancan shekarun su ne yau suke goyo, wasu da na biyu da na uku.

Wani zai kawo muku maganar ƙaddara. Ku tuna masa da Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, lokacin da ya nufi Sham ya ji labarin annoba a can. Ya yi shawara da sahabbai, ya juya da jama'arsa, ya kuma nuna wa masu ganin kamar gudun ƙaddara ne cewa komawar ma a cikin ƙaddarar take. Ku tuna masa da maniyyata: ba alhajin da ke hawa jirgi sai ya miƙa dantse an yi masa ta sanƙarau da ta shawara, kuma ban taɓa jin wanda ya fasa Makka saboda haka ba. Tun 2009 Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar yake jagorantar sarakunan Arewa a kan wannan aiki. Ku kuma masu waya, sautin da aka turo muku a WhatsApp ana cewa wani likita a wata ƙasa ya tona asiri, ba suna ba gari, kada ku zama ku ne kuka kunna wa mahaifiyarku shi.

Ba zan ɓoye muku ba, wani jinkirin daga asibiti yake. Mace ta yi tafiyar ƙafa da goyo cikin rana, a ce mata ba yau ake yi ba ta dawo Talata, ko maganin ya ƙare, ko a daka mata tsawa don ta makara. Wadda aka yi wa haka sau biyu da wuya ta koma. Wani ɓangaren sakaci ne, kuma haƙƙinku ne ku kai kuka ga mai unguwa da kwamitin lafiya na mazaɓa. Wani ɓangaren kuma yana da dalili: kwalbar allurar tarin fuka da ta ƙyanda ta yara da yawa ce, in an haɗa ta dole a zubar da ragowar bayan sa'o'i 6, shi ya sa ake ware musu rana. Maganin wannan a hannunku yake, samari. Kai da kake wucewa ta ƙofar asibitin a kan babur kullum, tsaya ka tambayi ranar, ka karɓi lambar malamin, kafin ka ɗora wa matarka tafiyar banza.

Sauran abubuwan ƙanana ne. Kafin ka tafi cin rani, ka faɗa a gaban mahaifiyarka cewa ka ba da izinin zuwa asibiti duk ranar da kati ya nuna, ka ware kuɗin acaba daban da na cefane. Ka ɗauki hoton katin a wayarka, ka kira ranar ka tambaya. Ke kuma ƙanwata, zazzaɓin kwana ɗaya ko biyu da kumburin cinya bayan allura ba cuta ba ce, jiki ne ke karɓar aikin. Ki ba shi nono sosai da maganin da malamin ya rubuta, ki kuma gaya wa maigidan tun da rana, don kada kukan dare ya sa ya rantse ba za a sake ba. Mura ko ɗan zazzaɓi ko rama ba sa hana allura, yaro mai rama ma shi ya fi buƙata. In Inna ko Baba suka ce su da ba a yi musu ba ga su nan, kada ku ɗaga murya. Ku tambaye su cikin ladabi su nawa aka haifa a ɗakinsu, su nawa suka rayu. Ku tambaye su labarin agana, da lambar da ke dantsensu, da dalilin da ya sa ba a sake ganin cutar a Najeriya ba tun 1970. Su suka fi ku sanin amsar.

Wanda kuma ya riga ya makara, kada kunya ta ƙara masa wata makarar. Ba a sake farawa daga farko. Inda aka tsaya nan za a ɗora, ko wata nawa aka yi. In katin ya ɓace a gaya wa malamin, zai duba rajista ko ya buɗe sabo. Ranar da za ku je, ku tafi da yayyen jaririn, har da ƙanenku da aka kai makarantar allo, a duba abin da ya wuce su, musamman na mashaƙo da ƙyanda.